Rabon Tsuntsun Zuma

A tashar Jimeta direban ya rantse mana da girman Allah cewa har cikin Garwa ta ƙasar Kamaru zai sauke mu. Wajen la'asar sai ga mu a bakin wani kogi da ruwansa ya ja baya, babu gada, babu gari, sai rumfar masu kwalekwale. Ya ce kowa ya sauko a rage wa mota nauyi, zai bi da ita ta kan yashi. Muna sauka ya juya kan mota ya koma inda ya fito, da buhun garinmu da ƙunshin kilishin da matata ta yi mana guzuri ɗaure a sama. Na bi shi da gudu ina zagi har hulata ta faɗi. Da na dawo ina haki na tarar Baffa Manu ya shimfiɗa buzunsa, yana alwala da ruwan kogin.

Ya ce, "Sale, ba kai ka ce ka san hanya ba?"

Na ce, "Hanya na sani, Baffa. Ɓarayinta ne ban sani ba."

"To zo ka yi salla tukuna. Zagin ba zai ƙare kafin ka idar ba."

Bari in faɗi ko mu su wane ne, da abin da ya kai mu bakin wannan kogi. Ni mutumin Tudun Wada ne. Ban yi boko ba, ban gaji komai ba sai gatarin mahaifina. Da zuma na fara kasuwanci, ina ɗauka a gwangwani ina kaiwa Kano. Daga baya na haɗa da fatu, sannan tsuntsaye masu rai, kanari da aku, waɗanda baƙi ke saye. A wurin waɗannan baƙi na tsinci guntun Turancin da nake ciniki da shi. Shi kuwa Baffa Manu Bafulatani ne, rugarsu tana ƙasar Doguwa, a gefen dajin Falgore. Aminin mahaifina ne tun suna samari, kuma zumarsa ce ta farko da na taɓa sayarwa. Yana da shanu, yana noma, amma abin da aka san shi da shi shi ne kiran tsuntsun zuma.

Wanda bai san shi ba, ɗan tsuntsu ne mai launin ƙasa, bai kai kurciya ba, da farin gashi a gefen wutsiya. Kukansa kamar ana girgiza kwalin ashana. Ya san kowane kogon bishiya da ƙudan zuma suka zauna a ciki, amma ba shi da ƙarfin fasawa. Sai ya nemi mutum. Baffa zai yi wani irin fito, ya buga ƙotar gatari a jikin itace, tsuntsun ya zo ya yi ta tsalle daga wannan bishiya zuwa waccan, Baffa na biye yana amsa masa, har su isa. In an sa hayaƙi an ɗebi zuma, sai a yanki saƙa mai kyau, wadda ke da 'ya'ya a ciki, a ɗora a kan ganye a ajiye masa. Wannan shi ne rabonsa.

A ƙarshen shekarun tamanin wasu Turawa masu ɗaukar fim ɗin namun daji suka sauka a Falgore. Aka nuna musu ni a kasuwa. Na kawo musu bushiya da damo da kunamu, suka kewaye wani wuri da zana, suka zuba yashi da ciyawa, suka yi ta ɗaukarsu kamar a tsakiyar daji. A nan na fara gane sana'ar. Ni ne kuma na ba su labarin Baffa, don na san kaya ne da ba su taɓa gani ba. Suka yi kwana biyu suna ɗaukar fuskarsa da hannayensa, amma ƙarar manyan motocin hanyar Jos da saran masu itace suka hana tsuntsu sakewa. Takardar izininsu ta ƙare, za su wuce Kamaru inda suke da wani izinin. Shugabansu, wanda muke ce wa Dogo, ya ce tunda fuskar Baffa ta riga ta shiga fim, ba za a canza mutum a tsakiya ba. In kawo shi ta mota, su za su bi jirgi.

Sau uku ina zuwa ruga kafin ya yarda. Ranar da ya yarda, a gaban babban ɗansa Buba ya ce, "Zan je don kai ɗan Audu ne. Sharaɗina ɗaya. Rabon tsuntsu ba a taɓa shi." Na ce wannan ai ba abin magana ba ne. Buba ya raka ni har bakin titi, ya ce yadda na tafi da tsohon haka zan dawo musu da shi.

Masu kwalekwale suka haye da mu. A ɗaya gefen akwai sanda a gicciye a hanya, da jandarma, wato ɗan sandan Kamaru, zaune a inuwa. Na gyara riga na matsa na zuba masa Turancina. Ya dube ni kamar akuya ce ta yi kuka, ya karɓi takardunmu ya sa ƙarƙashin cinyarsa, ya nuna mana rana ya ce mu tsaya a can. Mun fi awa guda a tsaye. Baffa ya gaji, ya tako a hankali ya gaishe shi da Fulatanci. Mutumin ya ɗago kai. Suka shiga tambayar juna dangi da asali, ban san inda suka haɗu ba, sai na ga an kawo wa Baffa kujera da ruwa a kwanon sha. Jandarman ya nuna ni da leɓe ya yi tambaya. Daga baya na ce wa Baffa me ya ce.

"Cewa ya yi wane ne wannan mai surutun."

"Ka ce masa me?"

"Na ce ɗana ne, bai da laifi, ciniki ne ya lalata masa baki."

Tun daga wannan shingen har muka bar ƙasar, ni da na ɗauko mutum na zama ɗan rakiyarsa. Duk inda muka tsaya Fulatanci ake yi.

Garwa zafi gare ta irin wanda ban taɓa ji ba. Mun yi kwana biyu muna jiran motar Turawa, muna cin wani dogon burodi mai tauri da ruwan shayi. Rana ta biyu ina ciniki da wani mai goro a bakin kasuwa, wata tsohuwa mai tuwo ta ɗaga murya daga rumfarta.

"Kai, mai hular nan! Wannan bakin na ƙasar Kano ne. Ɗan ina ne?"

"Tudun Wada, Iya."

"Ta Dankadai? La ilaha illallahu! Zo nan, zo nan."

Iya Talatu sunanta, 'yar Ƙafin Maiyaki. Ta biyo mijinta mahauci tun tana amarya, ya rasu a can, ita kuma ba ta koma ba. Ta zuba mana tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu, ta zauna a gabanmu tana tambaya. Ana cin kasuwarsu har yanzu? An yi kwalta zuwa Kiru? Wane da wane suna raye? Rabin mutanen ban san su ba, na riƙa cewa suna nan lafiya. Da na sa hannu a aljihu ta ce in na fito da shi za ta kwaɗa mini muciya. Ina cin tuwon nan hawaye ya zo mini, na ce yaji ne. Ta ce ita ba ta sa yaji ba.

Sansanin Turawa yana kudu da Garwa, tafiyar yini guda a jif, rabinta babu hanya. Tantuna ne a bakin wani rafi. A nan na ga dajin da tsofaffi ke cewa Falgore ta taɓa zama. Giwaye na saukowa shan ruwa, ga ɓauna, ga gwanki, dorina na huci a cikin gulbi. Ga kuma ƙudan tsando da ke cizo ta cikin riga.

Ban raina aikin mutanen nan ba, kuma har yau ban raina shi ba. Mai riƙe kyamararsu wani siriri ne mara magana, Baffa ya sa masa suna Mai Ido Ɗaya, don kullum idonsa guda a rufe, ɗayan a manne da ƙarfe. Tun a Falgore na ga mutumin nan ya yi kwana tara yana shiga wata 'yar bukkar ciyawa tun hantsi bai fito ba, ba tari, ba motsi, don ya ɗauki cilakowa yana kai wa matarsa abinci a kogo. Abin da ya samu bai kai tsawon shan kofin shayi ba, amma ranar har rawa ya yi. Fim ɗin a gwangwanaye yake, kowane gwangwani minti goma ne ya ƙare. A cikin baƙar jaka ake canza shi da lalube, don in haske ya taɓa shi ya lalace. Ba sa ganin abin da suka ɗauka sai an kai ƙasarsu an wanke. Saboda haka komai sai an maimaita, ta gaba, ta baya, ta gefe. Hasken safe da na yamma kawai suke so. Murya daban ake ɗaukarta. Kuma rigar da Baffa ya sa a Falgore, wata shuɗiyar riga ta saƙi, da malfarsa, su zai riƙa sawa kullum, ba a wankewa, don kada launi ya bambanta a gane ba rana ɗaya ba ce.

Baffa ya ce, "Wato ƙazanta ma sana'a ce a wurinsu."

Rana ta huɗu tsuntsu ya amsa. Ina tsaye a bayan Mai Ido Ɗaya na ji kukan daga kan wata kaɗanya. Baffa ya yi fito, ya buga gatari, ya bi shi yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Suka kai mu wata tsohuwar kirya. Aka sa hayaƙi, aka fasa, zuma ta cika ƙwarya biyu. Baffa ya zaɓi saƙar da ta fi kowacce, ya ɗora a ganye, ya sa a reshe, ya ce mu tafi kada mu tsaya kallonsa yana ci.

Da muka koma sansani Mai Ido Ɗaya ya ce wutsiya kawai ya samu. Tsuntsun ƙarami ne, ga sauri, ga duhun ganye. Sai an sake. Washegari Baffa ya yi ta fito har leɓensa ya bushe, shiru. Jibi shiru. Gata shiru. Baffa ya ce ya ƙoshi ne, in ya ji yunwa zai zo, haka abin yake.

Dogo bai da wannan haƙurin. Hadari ya fara haɗuwa ta kudu, kuma in damina ta sauka jif ba za ta fita daga dajin ba. Gwangwanayen fim sun ragu. Ya kira ni inuwar tanti ya ba ni lemo mai sanyi, ya ce in tsuntsun zai riƙa hutun kwana uku bayan kowane ci, aikin ya mutu. Ya kuma ce baɗi suna da babban aiki a wata ƙasa gaba da nan, suna neman mutum irina wanda ya san yadda ake samo abu.

Zan faɗi gaskiya a nan, don saboda ita na ɗauki alƙalami. Dogo bai ce in yi komai ba. Ni dillali ne, na saba gane abin da mai saye ke so tun bai buɗe baki ba. Ni na ce masa in tsuntsun bai ci ba, gobe ma zai zo. Ya ce tsohon zai yarda? Na ce ya bar mini tsohon.

Rana ta takwas tsuntsu ya dawo, ya kai mu wani maɗaci. Baffa ya ajiye masa rabonsa, muka koma. Da rana ta take, kowa ya kwanta a inuwa, na ce zan zaga. Na koma wurin da sauri. Tsuntsun ya riga ya fara ci kaɗan daga gefe. Na naɗe saƙar a ganyenta na sa a leda. Yana kan reshe sama da kaina, yana ta wannan kuka nasa, ya biyo ni bishiya uku ko huɗu. Na jefa ledar a rafi na wanke hannuna da yashi.

Washegari tun kafin mu gama shan shayi ga shi a bakin sansani yana kira. Ranar Mai Ido Ɗaya ya same shi sosai, a sarari, baki buɗe. Dogo ya wuce ta kusa da ni ya dafa mini kafaɗa. Na sake yi ranar. Na sake yi kashegari. Abin da ya fi ci mini rai in na tuna shi ne murnar Baffa. Ya ce mini, "Sale, tsuntsun ƙasar nan akwai zumunci. Namu na gida sai ya ga dama." Na ce ai ƙasar ce da albarka.

Rana ta goma sha ɗaya tsuntsun ya zo a birkice. Ba ya jira Baffa ya iso sai ya tashi, ya dawo, ya sake tashi. Maimakon sabon kogo, sai ya kai mu bishiyar jiya, wadda muka riga muka fasa, ya sauka daidai reshen da aka ajiye masa ganye, ya yi ta kuka. Baffa ya tsaya. Ya dubi reshen. Babu ganye, babu ɓurɓushin kaki a ƙasa, babu tururuwa. Sai ya sunkuyar da kai ya fara zagaya gindin bishiyar a hankali.

A duk dabarata na manta abu guda. Mutumin nan tun yana yaro yake bin sawun saniyar da ta ɓata a cikin sawun garke. Ni kuwa ina sanye da takalmin kambas da Dogo ya ba ni, mai zane kamar ƙashin kifi a tafinsa, babu mai irinsa a sansanin. Ya bi sawun da ido har inda ya nufi rafi. Sannan ya dubi ƙafafuna. Bai dubi fuskata ba. Ya saɓa gatarinsa ya kama hanyar sansani, kyamara na ta gunji a bayansa.

Na same shi a bakin rafi ya tuɓe shuɗiyar rigar yana wanke ta da sabulu.

"Baffa, ai sun ce kada a wanke."

"Na gama aikinsu."

"Saura kwana biyu fa, Baffa. Kwana biyu kawai."

"Sau nawa, Sale?"

"Sau nawa me?"

"Kada ka ƙara mini da ƙarya. Sawunka na tsakar rana yana kan sawunmu na safe. Sau nawa?"

Na ce uku.

Ya matse rigar, ya yarfa ta, ya shanya a kan wani kargo. Ya ce, "Da bakina na kira shi. Ni ya sani, bai san ka ba." Ya ɗauki butarsa ya bar ni a wurin.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Ban tsaya ba.

Dogo ya ce abu ɗaya ya rage musu, kuma in babu shi sauran ba za su haɗu ba. Suna son a ga bayan mutum yana tafiya, tsuntsu na tashi a gabansa, su biyu a hoto guda. Mai Ido Ɗaya ya ce a bari sai baɗi. Dogo ya ce masu kuɗin fim ba su san baɗi ba. Ni kuma na riga na lissafa cewa abin da zan rasa a wurin Baffa na riga na rasa, kada in haɗa da rasa na Turawa. Haka na yi tunani, haka kuma na faɗa wa kaina cewa hankali ne. Na ce musu bayan mutum ai bayan mutum ne, ni da Baffa tsawonmu ɗaya. Tsuntsu kuwa su ba ni awa biyu.

Kama tsuntsu mai jin yunwa ba aiki ba ne ga wanda ya yi shekaru yana sayar da kanari. Na shafa danƙo a reshe, na ɗora guntun kaki. Ko rabin awa bai yi ba ya sauka. Na goge masa fukafukai da man gyaɗa iya yadda zan iya, na ɗaura masa siririn zaren kamun kifi a ƙafa, irin wanda ido ba ya gani daga nesa. Baffa yana can ƙarƙashin wata tsamiya bayan sallar azahar, ya rufe fuska da mayafi. Na zare rigar daga kan kargo, na ɗauki malfar daga bakin tantinsa. Rigar ba ta gama bushewa ba, na ji sanyinta a bayana.

Direban jif ya hau bishiya da bakin zaren. In Dogo ya ɗaga hannu, sai a saki tsuntsun daga wannan reshe, ya tashi, zare ya tsayar da shi a wancan, ni kuma in taka a hankali da gatari a kafaɗa, ina kwaikwayon tafiyar Baffa. Na farko ya faɗo ƙasa. Na biyu ya yi gefe. Na uku hannun direba ya fito a hoto. Muka yi ta yi. Daga na biyar ya daina kuka. A na bakwai ya tashi daidai yadda ake so, ya haye ta saman malfar, Dogo ya ce ya yi. Da direba ya jawo zaren, tsuntsun yana reto a ƙarshensa, kai a ƙasa.

Mai Ido Ɗaya ya ɗago daga kyamara. Ranar na fara ganin idanunsa biyu a buɗe, kuma ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Na juya. Baffa ne tsaye da 'yar shara, da carbi a hannu. Ban san tun yaushe yake wurin ba.

Ya ce, "Cire."

Na cire malfar. Na tuɓe rigar a gaban Turawa da direba da kuku, na tsaya daga ni sai wando. Na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya wuce ni ya je wurin direba, ya zaro wuƙarsa ya yanke zaren, ya kwance ƙullin daga ƙafar tsuntsun da farcensa, a hankali, kamar zai ji zafi. Ya tona rami da bakin gatari ya rufe shi. Sannan ya ɗauki malfarsa daga hannuna.

Na ce, "Rigar, Baffa."

Ya ce, "Bar musu. Ba tawa ba ce kuma."

Da gari ya waye, bayan salla, ya naɗe buzunsa ya ɗauki sanda da buta ya nufi hanyar da jif ta shigo da mu. Dogo ya ce in gaya masa ya jira kwana uku a kai shi Garwa a mota. Na gaya masa, bai waiwayo ba. Dogo ya ce to ni in zauna, akwai sauran aiki, tsohon ya san daji ya fi kowa. Ya ƙara da cewa kada in damu, in fim ya fito babu wanda zai gane. Na ɗauki jakata na bi Baffa. Ba zan ce nadama ce kaɗai ta tashe ni ba. Na tuna Buba, na tuna kasuwar Doguwa, da abin da zan ce in aka gan ni ni kaɗai.

Tafiyar yini muka yi a ƙasa kafin kwalta. Yana gaba, ina baya, tsakaninmu kamar taku ashirin. Kambas ɗin ya sale mini dunduniya, na cire na rataya a wuya, ƙasa ta ƙone mini tafi, na mayar. In ya sha ruwa sai ya ajiye butar a tsakiyar hanya ya wuce, in na iso in sha in ɗauko. Wata motar auduga ta ɗauke mu a sama. Kafin mu shiga Garwa zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana na haɗuwa.

Kwana biyar na yi a kwance a zauren Iya Talatu. Baffa ne ya tafasa ganyen darbejiya ya yi mini turare, shi ya riƙa tallafe kaina yana ba ni kunu, shi ya riƙa kai ni bayan gida. Maganarsa gare ni ba ta wuce sha, tashi, juya. Iya ba yarinya ba ce. Rana ta uku na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Malam, me ya shiga tsakaninka da yaron nan? Da kuka zo baki bai rufuwa." Ya ce, "Gajiya ce, Iya. Daji ba daɗi." Na juya fuskata bango. Da ya faɗa mata, da na fi samun sauƙi.

Muka haye kogin, shi ke ɗauke da jakata. Jimeta, Gombe, Bauchi, Jos. A kowace tasha in na sayo abinci zai ci, ya ce madalla, shi ke nan. Muna saukowa daga Saminaka ruwan farko ya tare mu, ƙanshin ƙasa ya cika motar, mutane na ta hamdala. Kafin Doguwa ya buga jikin mota aka tsaya daidai 'yar hanyar da ke shiga rugarsu. Na sauko tare da shi, na ce wa direba ya tafi.

Na durƙusa a cikin taɓo na ce, "Baffa, ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Tashi, kada wani ya gan ka. Abin da ka yi mini na yafe, duniya da lahira, don Allah da kuma Audu. Babu wanda zai ji daga bakina." Ya gyara sandarsa. "Na tsuntsun kuwa ba a hannuna yake ba. Ban san wanda za ka roƙa ba."

Ya cika alkawari. Buba ya zo har Tudun Wada ya yi mini godiya da ƙwaryar man shanu, na karɓa. Amma Baffa bai ƙara kiran tsuntsu ba. Buba ya ce in ya ji kukansa a wurin kiwo sai ya ja malfa ya kora shanu gaba. Sun ɗauka tsufa ne. Babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya koya wa fiton. Turawan sun aiko mini da takarda da damina ta wuce, ban amsa ba, na ci gaba da fatu da hatsi, Allah kuma ya buɗa mini.

Bayan rasuwar Baffa, cikin shekarun casa'in, wani abokin cinikina mutumin Kiru ya tare ni a kasuwa da murna. Ya ce ya kwana gidan ɗan'uwansa a Kano, aka nuna wani fim ɗin daji a talabijin, sai ga Baffan nan nawa na Doguwa. Ya ce, "Wallahi Alhaji, akwai inda aka nuno shi ta baya yana tafiya, tsuntsun na tashi ta saman kansa kamar ɗansa. Mutanen da ke ɗakin har kabbara suka yi. Shi ne ko?"

Mutane na tsaye ana jin mu. Na ce e, shi ne.

Ba shi ba ne. Baffa Manu bai taɓa bin tsuntsun da aka ɗaure ba. Wancan bayan nawa ne.